Kwanon da Inna Ta Ajiye Min

Litinin, da hantsi

Motar ta zo ta kwashi kwanukan Inna. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon maigidana Bara'u yana jera kwalaye a bayanta kamar mai jera ƙwai, yana ta ce min in koma ciki saboda sanyi. Ban koma ba. Sai da motar ta sha kwana ta bar layinmu na Gorton, a nan Manchester, sannan na shiga, na tarar da falo ya yi fayau, silin duk ƙugiyoyi babu komai a jikinsu.

Shekara biyu ina wannan aikin. Kwanukan jeren Inna ne, samira da langa da tasoshi, waɗanda na taho da su bayan rasuwarta. Kowanne na saƙa masa ragaya da igiyar rama, irin wadda ake ratayewa a ɗakin ƙauye don kada kaza ta kai ga abinci. Na rataye su kusa da juna, wani sama wani ƙasa. In mutum ya wuce ta ƙarƙashi iska ta kaɗa su, sai su riƙa taɓa juna a hankali. Duk wanda ya tashi a gidanmu na Ɗanbatta ya san wannan ƙarar: Inna ce ta tashi da asuba tana laluben kwanon koko, ba ta son ta tashe mu. Aikin ke nan gaba ɗayansa. Ban huda ko ɗaya ba, ragayar ce ke riƙe da su, kuma yadda suka tafi haka za su dawo.

Za a fara nuna shi a wani gallery, ɗakin baje kolin ayyukan fasaha, a Birmingham, daga nan a wuce da shi Izmir ta Turkiyya.

Farin kwanon samirar nan mai murfi, mai jan fure a gefe, shi na naɗe da kaina a cikin tsohon zanen Inna. A tsakiya yake zama, ƙasa da sauran. Inna ba ta taɓa zuba komai a cikinsa ba. Ta ce min, "Wannan naki ne, Auta. Ranar da Allah ya kawo, a ciki za ki sha kunun kanwa." Na yi lissafi, zai dawo kafin lokacin.

Laraba, bayan azahar

Shalom ta kira. Ita ce ke kula da baje kolin, 'yar Najeriya haihuwar nan, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, amma akwai kirki. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ke tafe da ita. Mutanen Izmir sun aiko da sharuɗɗansu. Garinsu ana girgizar ƙasa, don haka duk abin da za a rataya sama da kan mutane sai an ɗaure shi yadda ko ƙasa ta motsa ba zai yi lilo ba, ba zai faɗo ba, kuma sai injiniya ya sa hannu. Ta ce tunda firam ɗin ƙarfen da za a rataye su a jiki guda ɗaya ne zai yi garuruwan biyu, gara a yi ɗaurin tun a Birmingham a gwada.

Na ce mata ai lilon shi ne aikin. Ta ce ta sani, shi ya sa ta kira da bakinta ba ta turo saƙo ba.

Da na ajiye wayar dariya ce ta kama ni. Inna ta rayu ta koma ga Allah ƙasa ba ta taɓa motsi a ƙarƙashinta ba, yau ga kwanukanta ana zaman taro a kansu saboda girgizar ƙasa. Na ce wa Shalom kada ta nemi wani injiniya, ina da nawa a gida. Yayana Musbahu aikinsa ke nan, lissafin ƙarfe da siminti, kuma daga gidansa na Edgbaston zuwa gallery ɗin bas ɗaya ce.

Asabar, da yamma

Yaya ya zo da kansa, har da ledar kilishi daga Small Heath. Ya zauna a kicin ya ɗauki kofin shayina ya rataye shi da wayar caja, yana min bayani kamar 'yar aji ɗaya. Tun muna yara haka yake, ko gyaran keke zai yi sai ya tara 'yan kallo.

"Kin ga, Auta, igiyar rama ba injiniyan da zai sa mata hannu, ko ni. Dole kowane kwano ya samu waya ta biyu, ta ƙarfe, wadda ta kama jikin kwanon kansa, ba ragayar ba, don ko igiya ta tsinke ya tsaya a sama. Sai a ja wasu wayoyin a karkace ta kowane gefe su hana shi lilo. Sai kuma a ba da tazara, kada wani ya bugi wani, ko ya bugi fitila, ko bututun ruwan kashe gobara."

Na ce, "Ta yaya waya za ta kama jikin kwano?"

Ya kalli Bara'u. Bara'u ya kalli kilishi.

"Akwai hanyoyi," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, ka ji ni da kyau. Ban ce dokarsu ba daidai ba ce, ni ma ba na son kwanon Inna ya fasa kan ɗan wani. Amma in sai an huda, a fasa Izmir. A nuna shi a Birmingham yadda yake, a dawo min da kayana."

"Irin wannan chance ɗin ba ya zuwa sau biyu."

"Na sani."

"To bar min. Kada hankalinki ya tashi, ba a son haka a halin da kike ciki. Ba komai, in sha Allahu."

Na ji sanyi a raina. Sai da ya tafi na tuna na san wannan muryar, na taɓa jin ta a waya.

Talata, da safe

Amai ya ragu. Ungozoma ta ce komai daidai. Ba zan rubuta fiye da haka ba. Na rubuta sau biyu a baya, a wani littafin, na san yadda shafukan suka ƙare.

Alhamis, bayan la'asar

Bara'u ya fara amsa waya a cikin mota. Yakan dawo daga aiki ya tsaya a ƙofar gida, inji a kashe, gilashi ya yi hazo, yana magana yana gyaɗa kai. Mutumin da in ya shigo ko takalmi bai cire ba yake tambayar me aka dafa. Na ce da wa kake magana haka? Ya ce Yaya ne, yana gaishe ki. Na ce ya aikin? Ya ce ana nan ana kai.

Ya dafa min shayi ban roƙa ba, ya kawo min filo ya sa a bayana. Ya kamata in ji daɗi.

Asabar, bayan magariba

Bara'u ya tafi Birmingham tun da sassafe, wai Yaya na son ya duba masa wasu takardun haraji. Akanta ne, ban da ta cewa. Na ce in zo mana, in leƙa kayana. Ya ce zaman mota ba zai yi min ba, ai GP, likitanmu, ya ce in huta. GP bai ce haka ba. Ni na je wurin GP ɗin, ba shi ba.

Ya dawo a gajiye, bai ci abinci sosai ba. Da na ɗauki rigar sanyinsa zan sa a wanki, na ga wasu 'yan farare ƙanana maƙale a bakin hannun, suna ƙyalli, kamar ɓawon ƙwai da aka murƙushe. Na kakkaɓe su a tafin hannuna na daɗe ina kallo. Na zuba a kwandon shara na wanke hannu.

Lahadi, da rana

Takardun haraji ba sa ƙyalli.

Litinin, da hantsi

Na kira Yaya. Ya tambayi jikina, ya tambayi abin da nake ci, ya ce matarsa Ruƙayyatu za ta aiko min da kanwa mai kyau da aka kawo mata daga gida. Na ce kwanukan fa? Ya ce, "Ba komai, mun samu hanya." Na ce wace hanya? Ya ce ana kiransa a wani layin.

Na zauna a falo ina kallon ƙugiyoyin silin. Ina da waya, ina da lambar Shalom, kira ɗaya ne. Na tashi na goge kicin ɗin da na goge jiya.

Laraba, bayan azahar

Ita ta kira ni. Murya cike da murna, wai Izmir sun karɓi lissafin Yaya ba gyara ko ɗaya, masu inshora ma sun amince. Sai ta ce tana son ta gode min musamman, don ta san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yarda da haka a kan kayan mahaifiyarsa. Ta ce da Musbahu ya gaya mata na amince, har sai da ta yi ƙwalla.

Na ce mata ba komai. Da bakina na faɗa.

Alhamis, a cikin jirgin ƙasa, da la'asar

Na bari Bara'u ya tafi aiki, na hau bas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly. Ban gaya wa kowa ba. Yanzu ina hanyar komawa, jirgin na jijjiga, rubutun zai fita yadda ya fita.

Ɗakin babba ne, fari, silin ɗinsa ya ninka namu sau uku. Tun daga ƙofa na hango su. Sun yi kyau, wannan shi ne abin haushin. An jera su yadda na zana, sai dai an ware su, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa ya kai kamu biyu. Daga kowane kwano siraran wayoyi sun fita ta gefe huɗu, sun tafi a karkace sun kama firam, sai ka matso kake ganin su. Ragayata na nan a jikinsu, amma ba ita ke riƙe da komai ba, ado kawai ta zama.

Na shiga ƙarƙashi na wuce. Shiru. Na dawo na sake wucewa da sauri. Na cire mayafina na kaɗa shi sama kamar mai korar ƙuda, wani ma'aikaci a kan tsani yana kallona. Ko ɗaya bai motsa ba. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin fankar da ke cikin bango.

Sai na ɗaga kai na duba gindinsu. Kowanne a tsakiyar gindinsa akwai noti, da ɗan faifan ƙarfe mai faɗin kwabo, fentin ya ɓare a kewaye ya bar baƙi.

Na bar na tsakiyar sai a ƙarshe. Na ce a raina ko me aka yi, wannan Yaya ba zai bari ba, yana zaune a kan tabarma yana cin gyaɗa ranar da Inna ta ce nawa ne. Shi ne mafi kusa da ƙasa, ba sai na yi ɗage ba. Shi ma ga notinsa.

Shalom ta zo ta riƙe min hannu tana tambaya ko ta kira min mota. Na ce mata a'a, bas zan hau zuwa Edgbaston.

Juma'a, da safe

Jiya ban iya rubuta na gidan Yaya ba.

Anti Ruƙayyatu ce ta buɗe ƙofa. Tana ganina fuskarta ta gaya min ita ma ta sani. Ta hau hidima, ruwa, lemo, ga tuwo da miyar kuka yanzu ta sauke. Na ce na ƙoshi. Yaya ya sauko daga sama yana gyara tabarau, ya ce, "A'a, Auta, ke da aka ce ki huta?"

Na ce, "Na je na gani."

Ya zauna. Bai yi kame-kame ba, wannan zan faɗa masa. Ya ce ya gwada duk wata hanya. Ya gwada matse bakin kwanon da ƙarfe, bakin ya ci tsatsa ba zai ɗauka ba. Ya gwada gam, ba mai sa hannu a kan gam. Gindin ne kawai ke da ƙarfi.

Na ce, "Ai na gaya maka abin da za a yi in aka kai nan."

"Kin faɗa cikin ɓacin rai. Shekara biyu kina wahala a kan abin nan. In na bari kika watsar da Izmir, nan da shekara biyar ni za ki zarga."

"Da ka kira ni."

"In kira ki in ce me? A wannan watan? Kin manta abin da ya faru sau biyu? Muka zauna da mijinki muka ga gara a bari sai kin sauka lafiya, ko ki gani a ranar buɗewa cikin mutane ana yabo, abin zai zo da sauƙi."

Na ce, "Mai murfin fa?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce shi ne mafi kusa da kan mutane, in aka bar ɗaya ba ɗauri duk lissafin ya rushe. Na ce sai ka cire shi ka ajiye min. Ya ce ai shi ne zuciyar aikin, ni na faɗa da bakina. Sannan ya faɗi abin da yake ganin zai sanyaya min rai.

"Ban bari wani baƙo ya taɓa kayan Inna ba, Auta. Da hannuna na huda, ɗaya bayan ɗaya, da bismillah. Bara'u na riƙe min."

Anti Ruƙayyatu ta ce in yi haƙuri, don ni aka yi. Na ce na gode. Na gaishe su yadda ake gaisuwa, na ce a gaida yara in sun dawo daga makaranta, na fito. Yaya ya biyo ni da mukullin mota, na ce bas tana nan.

Juma'a, bayan la'asar

Da bismillah.

Asabar, da hantsi

Bara'u ya riga ya sani kafin in iso, Yaya ya kira shi, a mota mana. Tun shekaranjiya yake bin bayana daga ɗaki zuwa ɗaki. Yau ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Zinatu, ki yi min magana ko zagi ne."

Na ce, "Wanne ka riƙe da farko?"

Ya ce bai gane ba. Na ce cikin kwanukan, wanne ka fara riƙewa? Ya ce bai tuna ba. Na ce na ƙarshe fa? Ya kau da kai, don wannan ya tuna.

Ya ce, "Yaya ne babba. Ya ce haka za a yi, ni in ce masa me? Kuma wallahi tsoro nake ji. Ba zan iya sake zaman corridor ɗin asibitin nan ba."

Na yarda tsoro yake ji. Ni ma ina ji, kullum, tun daga asuba. Amma ni ba wanda ya tambaye ni me zan iya ɗauka.

Lahadi, da yamma

Zan rubuta wancan ɗin yau, tunda shekara uku ina kewaye shi.

Yaya ne ya kira. Ya ce jikin Inna ya ɗan matsa, tana son ganina, in samu jirgi in taho, amma ba komai, kada hankalina ya tashi. Bara'u ya saya min tikiti. Kafin mu tafi na ce ya kai ni kasuwar Gorton, Inna na kukan sanyin ƙafa. Na tsaya ina zaɓen safa, ina tambayarsa ruwan toka ko ruwan ƙasa. Ya ce ruwan ƙasa, ba ta nuna datti. Na sayi man zafi, na sayi shayin da take so. Shi ya riƙe ledar, shi ya sa ta a jaka, shi ya ja jakar har inda ake awo.

Na sauka a Kano, mota ta kai ni Ɗanbatta. Muna shiga layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune a jere. Kwana biyu ke nan da binne ta. Tun kafin Yaya ya ɗaga waya ya kira ni an dawo daga maƙabarta.

Haka ake yi, na sani. Ba a faɗa wa mutum mutuwa yana nesa, ba a faɗa wa mace mai rauni abin da zai girgiza ta. Haka aka yi wa Inna da babanta ya rasu, ta ba mu labarin tana dariya. Ni ma na ce musu na gode a lokacin, har na yi musu addu'a. Ban taɓa tambayar Bara'u me yake ji a ransa da yake ce min ruwan ƙasa ba.

Safar na nan a ƙasan akwatina.

Talata, da safe

Yaya ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo da addu'a. Ya turo da hoton kwanukan da fitilu a kunne.

Laraba, da rana

Abin da ke cin raina ke nan: duk abin da ya faɗa game da wayoyin ƙarfen gaskiya ne. Na zauna na kalli bidiyon girgizar ƙasa, na ga yadda fitilun silin ke dukan juna, na ga bututu ya fashe. In ni ce uwar yaron da ke tsaye a ƙarƙashi, zan so a ce akwai irin Yaya da ya ƙi sa hannu a kan igiyar rama. Da ya zo ya ce min, Auta, ba hanya, ki zaɓa, da na yi kuka na kwana biyu, wataƙila ma in ce a huda sauran a bar min ɗaya. Wataƙila. Yanzu ba zan taɓa sani ba.

Ba su ɗauke ni mai hankalin da za ta zaɓa ba. Sun ɗaure ni ta gefe huɗu don kada in motsa, suna jiran in gode.

Juma'a, bayan azahar

Na kira Shalom na gaya mata ban taɓa amincewa ba. Ta hau ba ni haƙuri. Ta ce ina da iko in janye aikin duka, za ta tsaya min. Na ce a'a, ramukan ba za su toshe ba don na janye. Su tafi Izmir. Abu ɗaya nake so, a sauko min da mai murfin.

Ta ce tsakiyar za ta zama fili. Na ce ta zama.

Ta ce sai an sanar da injiniya, tunda nauyi ya canja. Na ce ki gaya masa na amince.

Asabar, bayan magariba

An buɗe yau. Na je, don Shalom. Bara'u ya tuƙa, daga Manchester har Birmingham ba wanda ya kunna rediyo.

Mutane sun cika. Wata tsohuwar Baturiya ta riƙe hannuna ta ce abin da ya taɓa ta shi ne shirun, kwanuka da yawa haka amma ko motsi, kamar gidan da aka yi rashi. Na ce mata na gode. Wani ya tambayi me ya sa tsakiyar ba komai, na ce haka aka yi shi.

Yaya ya zo da babbar riga. Ya tsaya a ƙarƙashin filin tsakiyar, ya daɗe yana kallon wayoyi huɗun da aka naɗe. Ya matso ya ce, "Auta, ana iya toshe shi. Akwai mai walda a Small Heath, ba za ki ma gane wurin ba."

Na ce, "Bar min."

Shalom ta miƙo min shi a kwali, naɗe cikin zanen Inna, ta cire notin da kanta. A kan cinyata na riƙe shi har gida.

Litinin, da hantsi

Ramin bai fi ƙwayar wake ba. Gefensa a goge yake sumul, ba kaifi ko kaɗan. Yaya bai taɓa yin aikin banza ba.

Alhamis, bayan la'asar

Kanwar da Anti Ruƙayyatu ta yi alkawari ta iso. Lokaci bai yi ba, da saura da yawa, kuma ban san ko zai yi ba, sau biyu bai yi ba. Amma na gaji da ajiya. Inna ta ajiye shi shekara talatin ba ta ga ranar ba.

Na jiƙa kanwa kaɗan, na dama kunu da garin geron da ke cikin firiza, ban sa yaji da yawa ba. Na wanke kwanon na goge. Na zauna a falo ƙarƙashin ƙugiyoyin, na sa babban yatsana na toshe ramin ta ƙasa, na zuba. Da zafi. Yana ɗan tsatsowa ta gefen yatsan yana bin hannuna har gwiwar hannu, yana ɗiga a zanena. Ban ajiye ba, in na ajiye duka zai zube. Na ɗaga na kai baki.

A kurɓa ta uku na ji shi. Can ƙasa, gefen hagu, a hankali, kamar kwano ya taɓa kwano. Na tsaya cak. Ya sake. Waɗancan biyun ba su kai nan ba.

Bara'u ya shigo daidai lokacin, jakar aiki a kafaɗa. Makonni yana tambayata kullum da safe, ya motsa? Kin ji wani abu? Ya ga ni zaune da kunu a hannu, idona ya cika, ɗaya hannun a kan cikina. Ya saki jakar a ƙasa.

"Zinatu, lafiya? Mene ne?"

Na dube shi sosai. Na ga tsoron, na ga yadda kalma ɗaya za ta sauke masa shi.

Na ce, "Ba komai. Kada hankalinka ya tashi."

Na shanye kununa.